Julia Morgan da mai gidan da ba ya gama shawara

Sau uku wani mai gida ya sa na sauya wa matakalar benensa wuri. Karon farko ya ce ta yi kusa da ƙofar shigowa. Karo na biyu uwargidansa ce ta ce ba ta son baƙon da ke falo ya hango ta tana saukowa. Na ukun shi ya ƙure ni: an riga an ɗaure rodi, kafinta ya buga katako, gobe za a zuba kankare, sai ga wayarsa da tsakar dare wai ya kasa barci, a mayar da matakalar inda take tun farko. Na ce masa to. Na ajiye waya, na daɗe zaune ina kallon bango.

Washegari na kai kukana wurin tsohon malamina, wanda ya koya mini riƙon fensir tun ina ajin farko. Ya bar ni na amayar da duk abin da ke cikina, sannan ya ce, "Ke 'yar nan, sau uku kacal? Je ki nemo labarin Julia Morgan, in kin gama ki dawo mu yi magana."

Na ce, "Malam, wace ce kuma haka?"

Ya ce, "Ai kin ji matsalar."

Gaskiyarsa. Duk shekarun da na yi a makaranta an cika mana kunne da Frank Lloyd Wright da Louis Sullivan, manyan masu zanen gine-ginen Amurka, har mun haddace sunayen gidajen da suka zana. Amma ban taɓa jin an ambaci wannan baiwar Allah ba, alhali ta zana gine-gine fiye da 700, yawancinsu a jihar Kalifoniya ta Amurka, da dama kuma suna nan tsaye ana amfani da su. Wata biyu ke nan ina bin diddiginta. Abin da na tono ya fi ƙarfin hira ɗaya da Malam, shi ya sa na kawo shi nan.

An haife ta a San Faransisko ranar 20 ga Janairun 1872, ta tashi a Oakland, a tsallaken ruwa. Ita ce ta biyu cikin 'ya'ya biyar. Gidansu akwai rufin asiri, har ma fiye da haka, don kakanta na wajen uwa attajirin auduga ne a New York. Na faɗi wannan tun da wuri ne saboda masu yabonta sukan tsallake shi, su nuna kamar daga ƙasa ta taso. Ba haka ba ne. Da ba don dukiyar gidansu ba, da wuya ta yi shekara shida a Faris tana karatu. Ƙwazo nata ne, amma akwai mai biyan kuɗin haya.

Ta shiga Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley lokacin babu sashen zanen gine-gine a can, sai ta karanci injiniyanci, ta fita a 1894, ita kaɗai mace a ajinsu. Faɗuwa ce ta zo daidai da zama, don ta san lissafin nauyi kafin ta san ado, kuma wannan ya bi ta har ƙarshen aikinta. A can ta haɗu da mai zanen gini Bernard Maybeck, wanda ke tara ɗalibai a gidansa yana koya musu zane. Shi ya ce mata ta tafi Faransa.

Ta isa Faris a 1896 ta tarar da ƙofa a rufe. École des Beaux-Arts, makarantar da duk mai son zama wani abu a wannan sana'a ke burin shiga, ba ta ɗaukar mata. Sai a 1897 aka yarda su zauna jarrabawar shiga. Ta zauna, cikin Faransanci, da awon mita wanda ba da shi ta saba ba, ta zo ta 42 cikin mutum 376. Talatin ake ɗauka. Ta sake zama aka sake kayar da ita, kuma a wasiƙar da ta rubuta ta ce an raɗa mata dalili: masu jarrabawar ba sa son ƙarfafa wa 'yan mata gwiwa. A karo na uku, a 1898, ta zo ta 13. Babu yadda za su yi da ita.

Saura kuma agogo. Dokar makarantar ita ce da zarar ɗalibi ya cika shekara 30 an daina lissafa masa maki, ita kuwa ta shiga tana da 26. Abin da wasu ke jan ƙafa a kai shekara da shekaru, ta tattara shi cikin uku da 'yan watanni a ɗakin zanen Benjamin Chaussemiche. A 1902 ta karɓi takardar shaidarta, mace ta farko da makarantar ta ba wa a fannin zanen gini.

Da ta dawo ta kama aiki a ofishin John Galen Howard, mai kula da gine-ginen jami'ar Berkeley. Ta sa hannu a ginin sashen haƙar ma'adinai da attajira Phoebe Hearst ta ɗauki nauyi don tunawa da mijinta, ita ce kuma ta tsaya a kan aikin buɗaɗɗen dandalin wasanni irin na Girkawa da aka yi da kankare a 1903. Ana ba da labarin cewa Howard ya yi wa wani abokin sana'a alfaharin ya samu gwanin zane da ba sai ya biya shi abin kirki ba, tunda mace ce. Ba ta daɗe a wurinsa ba. A 1904 ta samu lasisi, mace ta farko a Kalifoniya, ta buɗe ofishin kanta. Ku lura da shekarar. Sai a 1911 matan jihar suka samu damar jefa ƙuri'a. Shekara bakwai tana sa hannu a takardun da rayukan jama'a suka rataya a kansu, amma ba a yarda ta zaɓi ko magajin gari ba.

Bari in ɗan tsaya a kan kankare, don a nan na fara ganin girmanta. Kankare kamar jaki yake: ɗora masa kaya iya son ranka, zai ɗauka. Amma ka ja shi ko ka lanƙwasa shi, nan da nan sai ya tsage. Ƙarfe kuwa ja ne abincinsa. In aka binne rodi daidai inda jan zai faɗo, kowanne sai ya rufa wa ɗan'uwansa asiri. Wani ikon Allah kuma, zafi da sanyi suna buɗa su suna tsuke su kusan daidai wa daida, shi ya sa aurensu ba ya mutuwa. Yau kowane birkila ya san wannan. A farkon ƙarni na 20 kuwa baƙon abu ne. Faransa ce kan gaba, inda François Hennebique ya yi rajistar tsarinsa a 1892, Julia kuma ta yi shekarunta a can abin yana tashe. A San Faransisko masu ginin jan bulo ba sa ƙaunarsa ko kaɗan, don yana neman taɓa musu abinci.

A 1904 kwalejin mata ta Mills da ke Oakland ta ba ta aikin hasumiyar da za a rataya wasu ƙararrawa goma da aka yi wa kwalejin kyauta, waɗanda aka ƙera don baje kolin duniya na Shikago na 1893. Ta zana ta da kankare mai rodi, tsayinta ƙafa 72, da jan rufi irin na tsofaffin majami'un da Sifaniyawa suka bari a Kalifoniya. Sunanta El Campanil. Ranar buɗewa, ɗan kwangilar, Bernard Ransome, shi ya kwashe yawancin yabon. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Da asubahin 18 ga Afrilun 1906, ƙarfe 5:12, ƙasa ta girgiza. Bututun ruwa suka farfashe, gobara ta ci kwana uku babu abin kashe ta. Mutane fiye da 3,000 suka mutu, gine-gine kusan 28,000 suka salwanta, har da ofishinta. Girgizar ƙasa gefe da gefe take jijjiga gini, bangon bulo kuwa ba shi da abin da ke ɗaure shi in an hankaɗe shi ta gefe, sai ya warware layi-layi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Hasumiyar Mills, siririya, da nauyin ƙararrawa goma a jikinta, tana nan tsaye lafiya lau.

Daga nan aiki ya fara nemanta. Otal ɗin Fairmont da ke kan tudun Nob Hill ana dab da buɗe shi aka yi girgizar. Bangonsa ya tsaya, amma wuta ta cinye cikinsa, ta lanƙwasa ƙarafan ginshiƙansa, daɓen benaye suka lotsa. Masu shi, Herbert Law da ɗan'uwansa Hartland, sun fara ɗauko shahararren mai zanen gini Stanford White daga New York, sai aka harbe shi har lahira a watan Yunin shekarar. Aikin ya faɗo hannun Julia tana da shekara 34. Ta shiga cikin toka da ɓaraguzai, ta sake ƙarfafa ginin daga ciki, aka buɗe shi ranar 18 ga Afrilun 1907, shekara guda cif bayan bala'in. Wata 'yar jarida ta je ganinta a wurin ta shiga yaba mata kyawun ado da launukan ɗakuna. Julia ta gyara mata zance cikin natsuwa: adon wani kamfanin New York ne ya yi, ita aikinta ƙashin ginin ne. Na yi dariya da na karanta wannan, don ni ma an sha tarar da ni a bakin ramin harsashi, kwalkwali a kaina, a tambaye ni wane fenti zai dace da falo.

To ga inda na fara samun matsala da ita. In aka jera maka hotunan gidajen Wright goma, ko ba a faɗa ba za ka gane hannu ɗaya ne. Jera na Julia goma, sai ka rantse mutum biyar ne suka zana. Cocin St. John's da ke Berkeley, wanda aka gama a 1910, ƙanƙan da kai ne tsantsa: kuɗin masu shi kaɗan ne, sai ta yi shi da jan katakon dazukan Kalifoniya, ta bar ƙwarangwal ɗin rufin a fili ba silin, katakon da ke ɗauke da nauyi shi ne adon. Ginin jaridar Examiner a Los Angeles kuwa ga ƙubba ga bakan gizo ga tayil kala-kala. Kulob ɗin matan Berkeley na 1930 kamar daga tsohuwar Turai aka tsinko shi. Na ce a raina, wannan ba ta da murya ne, duk waƙar da aka ba ta sai ta rera. Haka aka koya mana: babban mai zane shi ne wanda za a gane shi daga nesa, mai gida ya bi ko ya nemi wani. Wright har kujerun da za ka zauna a kai shi ke zana maka.

Gine-ginen da ta yi wa mata su suka sauya mini tunani. Zamanin ne 'yan mata ke kwararowa birane neman aiki a ofisoshi da kantuna da masana'antu, ba dangi, albashi kaɗan, wurin kwana mai mutunci kuma ya yi wuya. Ƙungiyar matasan mata Kiristoci, YWCA, ta shiga gina musu masauki, Julia ta zama mai zanenta a yammacin ƙasar: Oakland, Salt Lake City, Honolulu a 1927, da masaukin Hollywood Studio Club na 1926 don 'yan matan da suka je neman sa'a a harkar fim. A Asilomar, bakin teku kusa da Pacific Grove, ta zana gine-gine 16 tsakanin 1913 da 1928, da katako da dutsen wurin, a kwance cikin yashi da itatuwa kamar tsirowa suka yi. An ruwaito cewa a wani masauki a San Faransisko ta sa ƙananan ɗakunan girki da na cin abinci inda yarinya za ta iya gayyatar ƙawayenta. 'Yan kwamiti suka ce ai waɗannan masu ƙaramin albashi ne, don me za a shagwaɓa su? Ta ce ai dalilin ke nan.

A 1932 ta gama wa YWCA gini a unguwar 'yan Sin da ke San Faransisko, lokacin dokar 1882 da ta hana 'yan Sin shigowa Amurka tana aiki, don sai a 1943 aka soke ta. Ta yi musu shi da jan bulo da hasumiyoyi da tayil ɗin rufi irin nasu, gini mai kama da masu shi. Yau gidan tarihin 'yan Sin mazauna Amurka ne. Sai na gane abin da na ɗauka rashin murya ne, kunne ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ita kuma ta yarda da wannan da gaske, ba irin yardar da mukan yi a baki muna jiran mai gida ya gama surutu mu zana abin da muka riga muka ƙudurta ba.

Labarin da ya fi taɓa ni na mahaifiyarta ne. Tsohuwar ta tsufa, babban gidansu na Oakland ya fi ƙarfinta, amma ta ƙi tashi. Julia ta gina mata ƙaramin gida a Berkeley kusa da na ƙanwarta Emma, ta yi ɗakin kwanan daidai da na tsohon gidan, taga a inda taga take, ƙofa a inda ƙofa take. Aka kwaso kayan ɗakin aka jera kowanne a mazauninsa, aka kawo tsohuwa kamar ziyara, ta shiga ta zauna abinta. Wanda yake zane don a gane shi daga nesa ba zai taɓa yin wannan ɗakin ba.

Sai kuma mutumin da Malam ya turo ni dominsa. A Afrilun 1919 Phoebe Hearst ta rasu a annobar murar da ta game duniya. Ɗanta tilo, William Randolph Hearst, mai jaridu birjik, ya gaji dukiyar da mahaifinsa George ya tara a haƙar ma'adinai, har da makeken filin kiwo a San Simeon, a bakin teku tsakanin San Faransisko da Los Angeles. Akwai wani tsauni a ciki mai tsayin ƙafa 1,600 inda iyalin kan kafa tanti su yi hutu. Hearst, yana da shekara 56, ya shigo ofishin Julia ya ce ya gaji da kwana a tanti, yana son a gina masa ɗan wani abu a can. Duk wanda ya taɓa aikin gini ya san "ɗan wani abu" a bakin mai kuɗi. Wannan nasa ya ci shekara 28, daga 1919 zuwa 1947, ya zama ɗakuna 165: babban gida Casa Grande mai 115, da gidajen baƙi uku, da lambuna eka 127. Ya sa wa wurin suna La Cuesta Encantada, wato tsauni mai sihiri.

Ku fara da tunanin kai kaya. Babu hanyar kirki zuwa kan tsaunin, sai da aka yi. Siminti da rodi da katako ta jirgin ruwa suke zuwa, don haka sai da aka gyara gadar sauke kaya a bakin teku. Ruwa daga maɓuɓɓugan wani tsauni da ya fi wannan tsayi aka jawo shi, gangara ke turo shi. Ma'aikata sai an yi musu wurin kwana da na cin abinci, ga masu sassaƙa da masu tayil da sai an lallaɓa su kafin su yarda su zauna a wannan ƙurmus. Duk yana wuyanta, har kejin namun dajin da Hearst ya tara, waɗanda jikokin jakunan dawansu suke kiwo a gefen titi har yau. Ita kuma ofishinta na San Faransisko cike yake da wasu ayyukan. Ranar Juma'a da yamma sai ta hau jirgin ƙasa, tafiyar fiye da mil 200 zuwa San Luis Obispo, daga nan tasi ta ɗauke ta zuwa tsaunin. Ta wuni Asabar da Lahadi a kan aiki, ta kwana a jirgi, Litinin da safe tana teburinta. Ta yi wannan zirga-zirga fiye da sau 500. 'Yar ƙaramar mace ce, tsayinta bai wuce ƙafa biyar da ɗan abu ba, kullum cikin kwat mai duhu mai aljihuna don ba ta riƙe jaka, tana hawa tsani da katakon magina har ƙololuwa. Direban tasin nan ma ta zana wa 'ya'yansa mata ɗan gidan wasa.

Shi kuwa Hearst ba ya gama shawara. Wurin ninkaya na waje, Neptune, sau uku ana gina shi tsakanin 1924 da 1936, kowane karo a fasa a faɗaɗa, har ya kai mai cin galan 345,000, an shimfiɗe shi da dutsen marmara daga Vermont. Hasumiyoyi biyu na Casa Grande, waɗanda aka kwaikwayo daga wata majami'a a garin Ronda na Sifaniya, sai da aka gina su ya ce a ƙara musu tsayi a sa ɗakunan kwana a sama. Ma'aikacinta Walter Steilberg ya ba da labarin wani murhun jin ɗumi a ɗaya daga gidajen baƙin: an gama shi, Hearst ya ce a cire a kai wancan bangon, aka cire aka kai, bayan 'yan watanni ya ce kuskure ne, a mayar da shi inda yake. Da na zo nan na ajiye karatun na yi ta dariya ni kaɗai. Matakalata ke nan, sak.

Na yi ta neman inda ta fashe da fushi a wasiƙun da ke tsakaninsu, waɗanda yawancinsu ke ajiye a jami'ar Cal Poly ta San Luis Obispo. Abin da na gani shi ne mutum biyu masu girmama juna, shi yana ce mata Miss Morgan, ita tana ce masa Mr. Hearst, har tsufa. Takan gaya masa abin da sauyin zai ci, ta tuna masa cewa ma'aikata na jiran albashi, don duk arzikinsa kuɗi ba sa zuwa a kan kari. Sannan ta zana. Abin da na fahimta shi ne ta raba gini gida biyu. Fatar, wato inda murhu zai zauna da irin silin da launin tayil, ta mai gida ce, ya yi ta juyawa. Ƙashin nata ne, kuma a nan ba ta sassauci. Duk wannan fada da ke kama da tsohon dutsen Turai kankare mai rodi ce aka yi wa sutura. A Disambar 2003 girgizar ƙasa mai ƙarfin maki 6.5 ta tashi a kusa da San Simeon, ta kashe mutum biyu a garin Paso Robles inda wani tsohon ginin bulo ya rufta. A kan tsaunin, wasu kayan tarihi ne suka faɗo suka fashe. Ginin bai ce uffan ba.

Amma kada yabo ya rufe mini ido. Suturar nan daga ina ta fito? Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya Turai ta talauce, Hearst kuma ya buɗe jaka. Silin sukutum da guda daga gidajen Sifaniya da Italiya, ƙofofi, kujerun limaman coci, duk aka ɓamɓaro aka sa a akwati. Dillalinsa a Madrid, Arthur Byne, da matarsa Mildred Stapley, abokan Julia ne, da ita suke musayar wasiƙa kan awo da farashi. A 1931 aka kwance gidan 'yan zuhudu na Santa María de Óvila a Sifaniya, mai ɗaruruwan shekaru, dutse kusan 10,000, aka loda a jiragen ruwa zuwa San Faransisko don a gina wani gidan Hearst a Wyntoon, a arewacin Kalifoniya. Julia ce ta tura Steilberg can ya duba aikin. Ba a taɓa gina shi ba. Duwatsun suka ƙare a lambun Golden Gate, gobara ta cinye akwatunan da lambobin da aka rubuta a jiki, sai bayan shekaru da yawa wasu 'yan zuhudu a garin Vina na Kalifoniya suka karɓi saura suka tayar da ɗaki ɗaya. Kunnen da ke sauraron 'yar ƙaramin albashi shi ne dai ya saurari attajiri mai son a tsige masa tarihin wata ƙasa. Na faɗa wa Malam wannan. Ya yi shiru, sannan ya ce, "To ke a ina za ki ja layi?" Har yanzu ban ba shi amsa ba.

A 1932 aka yi mata aikin kunne, likita ya taɓa wata jijiya, gefen fuskarta ya karkace, tafiyarta ma ta daina daidaita. An ce takan zolayi kanta cewa bai kamata a ga mai zanen gini ɓangarensa ɗaya ya saɓa da ɗaya ba. Ba ta daina hawa tsani ba, amma ta ƙara janyewa daga taro. Dama can ba ta cika hira da 'yan jarida, ba ta rubuta maƙala, ba ta shiga gasa, ba ta yarda a kafa allon sunanta a wurin aiki, tana kuma yi wa masu zanen da suka fi ƙwarewa a baki kallon hadarin kaka. Ba ta yi aure ba. In shekara ta yi kyau takan raba riba da ma'aikatanta.

A wannan shekarar ta 1932 ne kuma gidan adana fasahar zamani na New York ya yi baje kolin da ya ɗaga tutar sabon salo: gilashi, ƙarfe, farin bango, ado ya zama abin kunya. Masu rubuta tarihin sana'ar suka bi wannan layi, duk wanda ya yi gini mai kama da na da aka ajiye shi gefe. A 1937 bashi ya kama Hearst, aikin tsauni ya tsaya cak na wani lokaci. A 1947 rashin lafiya ta sauko da shi, bai sake komawa ba, ya mutu a 1951. A shekarar Julia ta rufe ofis. Ta aika wa masu gidaje su zo su karɓi zanensu, yawancin abin da ya rage kuma ta sa aka ƙone. Wannan na kasa yafe mata. Ni da nake kuka in fayil ɗaya ya ɓace a kwamfuta, ina tunanin aikin kusan shekara hamsin yana shiga wuta da izinin mai shi.

Ta rasu ranar 2 ga Fabrairun 1957 tana da shekara 85, aka binne ta a maƙabartar Mountain View da ke Oakland tare da danginta. A 1958 jihar Kalifoniya ta buɗe fadar San Simeon ga masu yawon buɗe ido, aka yi ta tururuwa ana kallon gadon Hearst da teburin da Charlie Chaplin da Winston Churchill suka ci abinci a kai, sunan wadda ta zana kuwa da ƙyar ake ambatonsa. Sai da masaniyar tarihin gine-gine Sara Boutelle ta shafe shekaru tana bin gidajenta ɗaya bayan ɗaya, ta fitar da littafi a kanta a 1988, sannan aka fara waiwayo. Ƙungiyar masu zanen gine-gine ta Amurka ta fara ba da lambarta ta zinariya a 1907, shekarar da Julia ta tayar da Fairmont daga toka. Ba ta ba mace ba sai a 2014, kuma Julia ce ta samu, shekara 57 bayan an rufe ta.

Matakalar mai gidana dai an mayar da ita inda take tun farko. Na zauna da shi na lissafa masa rodin da za a yanke da kwanakin da za a rasa, na kuma gaya masa ginshiƙin da ke gefenta ba zai motsa ba ko da zai kira ni sau goma. Ya yarda. Matarsa aka yi mata ɗan bango mai huji-huji ya kare ta daga falo.

Cikin duk hotunan San Simeon da na tara, ɗaya na buga na manna a saman teburina. Ba na wurin ninkayar ba ne. Bayan Casa Grande ne, ɓangaren da kuɗi suka ƙare kafin a lulluɓe shi da dutse. Kankare ne tsirara, hawa a kan hawa, ana ganin sawun katakon da kafintoci suka buga layi-layi, da tagogin Turai a dashe a cikinsa suna jiran suturar da ba ta zo ba.